Ƙwaƙwalwar Ɓerayena a Firijin Jafaru

Assalamu alaikum, jama'ar wannan shafi. Na karanta saƙonninku, musamman na masu cewa na cika wulaƙanci, wai bawan Allah yana sona ni kuma ina yi masa kallon hadarin kaji. To ku gyara zama ku ji abin da ya yi min ranar Asabar, sannan ku dawo mu yi maganar wulaƙanci da kyau.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Ruƙayyatu, shekarata ashirin da takwas, gidanmu yana Palladan, kuma ina digiri na biyu a ilimin magunguna a Samaru. Bawan Allahn da ake ta tausayawa shi ne Jafaru, ma'aikacin ofis, ɗan aminiyar Ummana. Wata takwas ke nan yana zarya a gidanmu. Mutum ne da turarensa ke riga shi yin sallama, shaddarsa kuwa don tsabar kari sai ka ji tana ƙara in ya zauna. Bai taɓa yi min tambaya ya tsaya ya ji amsar ba.

Dole in ɗan taɓa muku aikina, don a kansa aka yi komai. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da sinadari suke aika wa juna saƙo. Ɗaya ta fesa, sinadarin ya tsallaka ɗan ratar da ke tsakaninsu ya sauka a kan wani abu da ke jikin ɗayar, mu muna ce masa makarɓi. Sinadarin ba ya shiga ciki, iyakarsa bakin ƙofa, kamar baƙon da ya yi sallama a zaure. Makarɓin ne ke motsawa ya taɓo wani furotin da ke maƙale da shi ta ciki, sunansa G, shi kuma G ya wuce da saƙon cikin ƙwayar. Amma in saƙo ya yi yawa, ana ta bugun ƙofa ba hutu, sai wani furotin da ake kira arestin ya zo ya tare wurin G, ya ja makarɓin ya shige da shi ciki. Daga nan ƙwayar ta rage ji. Ana zaton irin wannan yana cikin abin da ke sa mai shan kodin ya fara da rabin kwalba, a kwana a tashi biyu ma ba ta yi masa komai.

Ni abin da nake nema shi ne in ga wa ke riƙe da makarɓin bayan an daɗe ana shan maganin, G ne ko arestin. Ɓeraye arba'in na raina a kan haka. Wata goma sha huɗu ina ba su abinci, ina kwashe kashinsu, ina auna su, ranar Sallah ma sai da na je. Rabi na ba su maganin, rabi ban ba su ba. A ƙarshe na ciro wani ɗan yanki na ƙwaƙwalwar kowanne, bai fi ƙwayar wake ba, na sa a 'yar kwalbar roba, na rubuta lambarsa da baƙin alƙalamin maka, na daskarar. Saura kawai in fizgo makarɓin in ga wanda zai biyo shi a maƙale. To wannan maƙalewar sanyi ne ke riƙe ta. Da zarar naman ya narke ya ɗau ɗumi, za su saki juna, naman ya fara cin kansa, ba kuma malamin da zai iya mayar da su. Akwai wani ɗakin bincike a Afirka ta Kudu da ya ce in sakamakon ya fito kafin ƙarshen wata, za su ɗauke ni shekara uku.

Na taɓa yi wa Jafaru wannan bayanin a falonmu, har da zane a bayan ambulan. Na ma jaddada wurin arestin, ina kallon cikin idonsa, ko Allah zai sa ya gane inda na dosa, don saƙo arba'in yake turo min a wuni. Ya gyaɗa kai ya ce, “Masha Allah. Wato dai ke ce dofamin ɗina.” Kalma ɗaya tak ya tsinta a duk bayanin, sunan sinadarin jin daɗi, ita ma a gefen hanya na ambace ta. Tun ranar ya maƙala min sunan, har a gaban ƙannensa.

Sati biyu da suka wuce, babbar firizar ɗakin gwajinmu ta mutu da tsakar rana, ana tsakiyar zafin bazara. Na kira gida ina kuka. Ku riƙe wannan da kyau: Umma ce ta zo. Ta bi gidajen maƙwabta ta haɗo ƙanƙara a buhu, ta hau Keke har Samaru, hijabinta duk ya jiƙe. Ita ta ce mu kai wurin Madam Nkechinyere, wadda kowa ke kira Mama Ugo, mai sayar da daskararren kifi a Sabon Gari. Shekara ashirin Umma na sayen kifi a hannunta, kuma ɗakin sanyinta janareto biyu gare shi, ba ya ɗaukewa. A cikin Keken Umma ta rungume kular da muka zuba kwalaben a ciki a cinyarta, ina ta maimaita mata cewa in suka narke shi ke nan, tana cewa, “Na ji, Ruƙayya, na ji, ba za su narke ba.” Sai da muka kusa Muchia ta ce, “In aikin nan ya yi kyau, tafiya za ki yi ko?” Na ce in sha Allah. Yayata Nana Khadija shekara biyar ke nan da mijinta ya tafi da ita Malesiya, 'ya'yanta biyu Umma ba ta taɓa goya ko ɗaya ba, sai dai ta shafa fuskarsu a gilashin waya.

Malamina ya ce sanyin kifi bai kai wanda ake so ba, amma zai riƙe su sati biyu zuwa uku. Mama Ugo ta tura kular can ƙurya bayan katan-katan na kifi, ta buga ƙirji ta ce, “'Yata, ko mijina ya zo ba zan ba shi ba. Ke ko Hajiya, finish.”

Sau ɗaya Jafaru ya kai ni duba su. Tun daga bakin layin ya zaro hankici ya toshe hanci, yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake wuta. Ya leƙa ɗakin sanyin ya ce, “Haba Ruƙayya, matan da zan aura, kayanta a cikin kifi? Ai da kunya.” Mama Ugo ta dube shi daga hula har takalmi ta ce, “Oga, kifi bai taɓa ɓata kayan kowa ba.” Na ce masa sanyi nake nema, ba ƙamshi ba. Ya yi murmushin nan nasa na wanda ya riga ya gama shawara da kansa.

Sai ranar Asabar. Abba ya riga ya gaya min kawunnan Jafaru za su zo gaisuwa bayan la'asar. Abbana ba mai tilasta wa mutum ba ne. Cewa ya yi, “Ni ba zan zaɓa miki ba. Abin da kika faɗa min shi zan faɗa musu.” Kuma bari in faɗa muku gaskiyar da ban taɓa rubutawa a nan ba: na yi niyyar cewa su jira ni in dawo. Ba don ina sonsa ba, Allah ya sani. Don Umma ne. Duk sanda aka ambaci sunansa fuskarta washewa take, ni kuma na gaji da zama dalilin tagumin da take yi.

Da safe na tafi Samaru, ni da Bibiana, abokiyar aikina, muka hau haɗa ruwan magungunan da za mu fara aiki da su ranar Litinin. Wayata na kan benci tana ta zuu, zuu. Bibiana ta leƙa ta ce, “Your dofamin don start. Ba za ki duba ba?”

“Bar shi.”

“Ke dai arestin ɗinki ya gama aiki tuntuni,” in ji ta, muka kwashe da dariya. Dariyar nan har yanzu ina nadamarta. Sai a Keke, a hanyar komawa, na buɗe saƙonnin.

“Barka da asuba, dofamin ɗina.”

“Yau zan ba ki mamaki.”

“Ina Sabon Gari.”

“Kin san ja ya fi kyau ko ruwan gwal?”

“An gama. Yau za ki san kin samu miji.”

Na ja tsaki na jefa wayar a jaka. Na ɗauka akwati ya sayo ko wani agogon da ba zan ɗaura ba.

Na isa gida wajen uku da rabi. Tun Alhamis ba mu da wuta a layinmu, gidan kamar tanda. Umma ta tare ni tun a ƙofar kicin, ta tura ni ɗaki. A kan gado ta shimfiɗa min atamfa mai ruwan toka da ratsin shuɗi, da mayafi mai duwatsu, da sarƙar da ta sa ranar aurenta. Ta turara kayan har sun yi ɗumi. Ita da kanta ta ɗaura min ɗankwali, abin da rabonta da yi tun ina sakandare, amma ko sau ɗaya ba ta haɗa ido da ni a madubi ba. Na lura, sai na ce a raina kunyar ranar ce.

Bayan la'asar motoci biyu suka tsaya. Dattawa suka wuce falon Abba. Jim kaɗan saƙo ya shigo: “Fito baranda ta baya.” Na fito. Ga Jafaru cikin farar shadda da hula mai aikin zare, ya harɗe hannu a baya, yana ta washe baki. A gefensa ga wani dogon firij sabo fil, mai ƙofa biyu, ledarsa ma ba a gama ɓarewa ba, an zagaye shi da jan ribon an ƙulla fure a tsakiya. Wayar wutarsa na naɗe a baya da 'yar robarta, ko kwance ta ba a yi ba.

“Naki ne,” ya ce. “Na kimiyya zalla. Ba kifi, ba nama.”

Na ce na gode, don an koya min tarbiyya. Na juya zan koma, ya ce, “Ai ba ki buɗe ba.” A lokacin ne idona ya sauka a kan wata shuɗiyar kula da aka kife a bakin rariya, an wanke ta tas, tana shanye a rana. Akwai tsaga a murfinta da na liƙe da salatif da hannuna.

Na fizge ribon ɗin na buɗe ƙofar. Iska mai ɗumi da warin sabuwar roba ta bugi fuskata, sai kuma ƙamshin turarensa. Ga 'yan kwalabena nan a jikin ƙofa, a wurin da ake jera ƙwai, wasu a ramukan ƙwan, sauran a kwance reras kamar kayan talla. Na ɗauki ɗaya. Ɗumi gare ta kamar an ciro ta daga aljihu. Naman da ke ciki ya saki, ya zama wani ruwa-ruwa mai launin ƙasa. Na juya ta in ga lambar, babu lamba, sai wani baƙin dabbare da ya zuba har gindi. Na ɗauki ta biyu, ta uku. Duk haka suke.

“Ƙarni suke yi,” in ji shi, cike da alfahari. “Sai na fesa musu turarena na goge su ɗaya bayan ɗaya. Na Dubai ne fa, ban yi miki rowa ba.”

Turare, jama'a. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin gwaji na kwana ɗaya ya san abin da ke cikin turare shi ke wanke rubutun maka. Ko da a ce wani ikon Allah ya sa naman bai lalace ba, yanzu ban san wanne ne ɓeran da ya sha magani ba, wanne ne bai sha ba.

Muryata ta fito a hankali, har ni kaina na yi mamaki. “Ƙarfe nawa ka ɗauko su?”

“Takwas da 'yan mintuna. Na biya wankin mota, na je neman ribon, kin san sai da na shiga shago huɗu kafin na samu ja mai kyau.”

“Suna ina duk lokacin?”

“A but ɗin mota.”

“Ƙanƙarar da ke ciki fa?”

“Ai ta zama ruwa, na zubar. Kada ki damu, mai shagon ya ce a bar firijin ya huta awa shida kafin a kunna. Da an kawo wuta za su sake daskarewa, kamar ba a yi ba.”

Kamar ba a yi ba. Na tsaya ina kallon mutumin nan. Digiri gare shi, yana sa hannu a takardun mutane a ofis, an yi masa bayani da zane a bayan ambulan, amma a kansa ƙwaƙwalwar ɓera da ƙullin zoɓo duk ɗaya ne, in ya narke a mayar a firij. Ban ji haushi irin na ihu ba. Raini na ji, mai nauyi, irin wanda ba ya fita. Gashin bakinsa da ya shafe da mai, zoben azurfarsa, yadda ya ɗan karkato kai yana jiran in rungume firij in yi kukan daɗi, komai nasa ya koma min ƙarami.

“Wata goma sha huɗu,” na ce. “Ka san abin da ka kashe?”

Fuskarsa ta ɗan canja, amma ba ta nadama ba, ta wanda aka ƙi yaba wa. “To ai ɓera ne, Ruƙayya. A gidanmu na Bomo sun cika rumbu, in sa a kamo miki ɗari gobe. Kuma ni fa ban ga abin tashin hankali ba, in tafiyan nan bai yiwu ba ai ga ni.”

Na koma gefe na kira Mama Ugo. Tana ɗauka na ce, “Mama, kin ce ko mijinki ba za ki ba shi ba.”

“Ah ah, 'yata, wetin happen? Ni ban ba shi haka kawai ba o! Ya zo, na kore shi. Ya ce in kira Hajiya, na ce ba zan kira ba. Sai Hajiya da kanta ta kira ni. Na ce mata, Hajiya, this thing go spoil, zai lalace, rana ya yi zafi. Na faɗa sau biyu. Ta ce ta sani, in ba shi.”

“Ta ce ta sani?”

“Haka ta ce. I swear. Abin ya lalace?”

Na kashe wayar. Jafaru yana ta magana a bayana, wai ko launin firijin ne bai yi min ba, akwai mai ruwan azurfa. Na wuce shi kamar na wuce turmi.

Umma na ɗakinta, zaune a bakin gado, tana ninke kayan da tun jiya a ninke suke. Na tsaya a bakin ƙofa da kwalba ɗaya a hannuna.

“Umma, ke kika kira Mama Ugo?”

Ba ta ɗago ba. “Ni ce.”

“Jafaru bai san abin da yake yi ba. Shi ko an shekara ana gaya masa ba zai sani ba. Amma ke kin sani. Ke kika ɗauko ƙanƙara a buhu.”

Ta ajiye zanen da ke hannunta, ta shafe shi da tafinta, ta sake shafewa. Da ta ɗago, idonta jawur, amma ba hawaye.

“Ɗaya ta tafi, an ce min shekara biyu, yau biyar,” ta ce. “Ke kuma kin ce uku. Ruƙayya, ciwon sugan nan kina gani, ƙafana kullum a kumbure. Wa ya ce miki ina da shekara uku?”

Duk rainin da na tara tun daga baranda ya rasa inda zai sauka. Shi Jafaru na san yadda zan raina shi, na ƙware. Amma matar da ta rungume kulata a cinyarta daga Samaru har Sabon Gari, ta kuma ɗaga waya da bakinta ta ce a miƙa wa wawa, ban san me ake yi da ita ba. So nake in faɗa jikinta in yi kuka, kuma so nake kada ta sake taɓa ni.

“Da kin tambaye ni,” na ce da ƙyar. “Yau ɗin nan, saboda ke, na yi niyyar ce musu su jira ni.”

Hannunta ya tsaya cak a kan zanen.

Daga falo muryar Abba ta taso, a natse kamar kullum. “Ruƙayyatu! Zo mana, baƙi na jira. Zo ki faɗa min abin da zan faɗa musu.”

Na zare sarƙar auren Umma daga wuyana na ajiye mata a kan kayan da take ninkewa. Na koma baranda, Jafaru ya matso yana gyara hula, na ce masa ya ba ni hanya. Na ciro farantin ƙwan daga jikin ƙofar firij, na tattara kwalabena arba'in a kai, na gyara mayafina. Ina jin takun Umma a bayana tana kiran sunana ƙasa-ƙasa, ban waiwaya ba. Na yi sallama a ƙofar falon, na durƙusa har ƙasa na gaida kawunnansa, sannan na ture tiren lemo gefe na ajiye farantin a tsakiyar darduma, a gaban Abba.

Babban kawun ya leƙo yana murmushi, ya ce, “Ikon Allah, 'yata, wannan kuma wane irin tukuici ne?”

Abba bai yi murmushi ba. Shi ya san kwalaben, shi ya riƙa kai ni Samaru ranakun Lahadi in ba ɓerayen abinci. Ya ɗauki ɗaya ya ji ɗuminta a tafinsa, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗaga kai, ya tsallake ni da ido, ya dubi labulen ƙofa inda ƙafafun Umma suka tsaya, ya ce, “Wa ya fitar da su daga sanyi?”